Hular Ɓawon Garehul

Ni tela ne, sunana Muhyiddeen, kuma na daɗe ina taka keken ɗinki a wani ɗan shago a Asata, cikin garin Inugu. Babu irin shirmen da ba a kawo mini in ɗinka ba, har rigar akuya na taɓa yi wa wata mata. Amma ranar da Dogara mai lemo ya shigo ya ajiye mini ɓawon garehul a kan teburin yanka, ya ɗora hular yarinya a kai, ya ce in haɗa su, sai da na cire tabarau na ƙare masa kallo.

"Malam Dogara, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, Tela. Wannan za ka sa mini a cikin wannan."

"Ɓawon lemo? A kekena? Haba, bawan Allah, in rana ce ta buge ka, zauna in sa a kawo maka ruwa."

Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

Bari in gaya muku wane ne Dogara. Mutumin Indabawa ne a Kano. Yana saurayi ya hau tirelar albasa da niyyar zuwa Fatakwal, motar ta lalace a Inugu, kafin a gyara ta shi kuma ya samu wani dattijo mai lemo a bakin kasuwar Ogbete yana neman mai taya shi. Shi ke nan, Fatakwal ta sha ruwa. A nan ya koyi feraye lemo, ya kuma ƙware har ana tsayawa kallo: ya ɗora wuƙa, ya juya lemon, koren ɓawon ya sauko zare guda ba tsinkewa, farin ɓawon na ciki ya rage sumul, ya fille kan ya miƙa maka. Ba shi da surutu ko kaɗan. Sai ku yi zaman yini guda da shi ba ka ji komai daga bakinsa ba sai amsa sallama. Ya auri Ramlatu, 'yar mahautan Anacha, Allah ya ba su 'ya mace, Ihsan. Ita ce ta fari, daga baya kuma ya zamana ita kaɗai ce. Saboda kunyar 'yar fari ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "'yar nan".

Tana firamare farfaɗiya ta bayyana gare ta. A filin makaranta ta fara faɗuwa, a kan siminti. Kun san halin mutane da wannan ciwo, mu da Ibo duk kanwar ja ce: an ɗauka in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, ka kamu. Ƙarya ce tsagwaronta, likita ya faɗa da bakinsa, amma je ka gaya wa jama'a. Yara suka watse, manya suka yi da'ira daga nesa suna salati da kiran Yesu, yarinya tana buga ƙeya a ƙasa ba wanda ya sa mata ko tsumma. Kafin labari ya kai Ogbete har Dogara ya bar tiren lemonsa ya sheƙo a guje, jini ya riga ya jiƙa mata wuyan riga.

A asibiti aka ce ƙashin ƙeyarta ya tsage. Likita ya zaunar da shi ya ce magani zai rage faɗuwar, amma ba lallai ya hana ta gaba ɗaya ba, kuma in wurin nan ya sake samun bugu irin wannan, ba zai iya yi masa alkawarin komai ba. Tun daga ranar Dogara ya zama ba shi da wata magana a duniya sai ƙeyar Ihsan.

Ya fara da hular kwano ta 'yan okada, wato 'yan acaɓa, lokacin ba a hana su shiga gari ba. Ta yi wa wuyan yarinyar nauyi, ga zafi, ga yara suna bin ta suna ƙwanƙwasa mata kai. Ta yi kuka ta ce gara ta bar makarantar. Ya yanko soson katifa ya naɗa mata da ɗankwali, da ya danna shi da babban yatsa sai ya ji yatsan ya taɓo tebur. Bai kwanta masa ba.

To, a tsakar gidan da suke haya akwai bishiyar garehul doguwa, irin na nan kudu, mai 'ya'ya kamar kan jariri da ɓawo mai kaurin gaske. Da damina in iska ta taso sai ka ji dum, dum, suna faɗowa daga can sama a kan siminti. Dogara ya san lemo. Ya san in lemon zaƙi ya faɗo daga kan mota kawai, ya fashe ke nan, sai zubarwa. Ya ɗauki garehul ɗaya da ya faɗo a gabansa ya yanka, ya ga ciki lafiya ƙalau, ko ɗigon ruwa bai tsiyaya ba. Farin ɓawon ne kawai ya lotsa ta gefen da ya bugu. Abin da ya kawo shi shagona ke nan.

Da na ƙi, sai ya fita. Can sai ga shi da ɗanyen ƙwai biyu. Ya naɗe ɗaya a cikin soson katifa, ɗayan ya kife shi tsakanin ɓawon garehul biyu, ya ɗaure kowanne da ƙyallena ba tare da ya tambaye ni ba, ya hau saman benen da shagona yake ƙasansa. Maƙwabta suka firfito. Ya saki na soson, muka ji fas, muka kwance, ƙwai ya zama miya. Ya saki na garehul. Ni da kaina na kwance ƙullin, ina shirin in yi masa tsiya. Wallahi ƙwan nan ko tsagewa bai yi ba! Na juya shi, na ɗaga shi a rana, na girgiza shi a kunne. Wani Ibo mai gyaran rediyo a kusa da ni ya ja da baya yana cewa, "Aboki, dis one na juju!", wai wannan tsafi ne. Ni kuwa sai na koma ciki na zare allura.

Na yi mata hula mai aljihuna daga ciki, ta ƙeya da gefe da goshi, a zura ɓawon a ciki, ta ɗora hijabi a sama. Da farko muka ce a shanya ɓawon ya bushe don ya daɗe. Ashe in ya bushe ƙoƙo yake zama, da shi da simintin babu bambanci. Sai ɗanye yake aiki, ɗanyen kuma ba ya kwana biyu sai ya fara yauƙi, kiyashi su bi shi. Saboda haka kullum bayan sallar asuba Dogara zai zauna a bakin ƙofa ya yanka garehul, ya ƙwaƙule cikin ya ajiye wa maƙwabta, ya gyara ɓawon daidai aljihunan, ya zura, ya kira 'yar nan ya ɗaura mata da hannunsa, ya danna ƙeyar ya ji, sannan ya tafi kasuwa. Mutanen gidan sun sha garehul har sun gaji, suna ganinsa da kwano sai su rufe ƙofa.

Matsalar ita ce garehul yana da lokaci. In na gidan ya ƙare, na Ogbete ya ƙare, sai Dogara ya rufe teburinsa ya shiga mota. Ya je Anacha ya bi masu kwale-kwalen da ke kawo kaya daga ƙauyukan bakin ruwa. Ya je har Rumuokoro a Fatakwal, garin da bai samu zuwa ba yana saurayi, ya dawo da buhu a kai. Ana yi masa dariya a tasha, ana cewa ga mai lemon da yake sayen lemo don ɓawo. Na sha yi masa faɗa, na ce, "Malam Dogara, kana kashe kasuwarka." Sai ya ce, "To," washegari ya sake tafiya.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ne ya hana kowa magana. Ihsan ta faɗi a aji, ta faɗi a bakin famfo, ta taɓa faɗuwa a kan titi. Ta kuje gwiwa, ta ciji harshe, ta taɓa karya haƙori. Amma kai lafiya. In aka kwance hular sai ka ga ɓawon ya daku ya yi laushi, ƙeyar kuwa ko kumburi babu. Ita dai yarinyar ta sha wuya da warin. Duk inda ta zauna ƙamshin lemo mai ɗaci yake tashi, in rana ta yi kuma ya koma tsami. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Garehul. Ta sha zuwa shagona ta zauna ta ce, "Kawu, don Allah ka yi wa Baba magana." In ce mata, "'Yata, ni da na ga ƙwan nan da idona, me zan ce masa?"

Allah ya yi ta da ƙwaƙwalwa. Ta gama sakandare ta shiga jami'a a nan cikin gari, tana zuwa daga gida, don uban ya ce ba za ta kwana inda ba zai danna ƙeyarta da safe ba. Karatun injiniya ta yi, ɓangaren sanin yadda ake haɗa roba da ƙarfe da makamantansu. Budurwa guda, tana shiga aji da ɓawon lemo a ƙarƙashin hijabi, tana fesa turare don ta ɓoye. Wata rana ciwon ya kayar da ita a ɗakin gwaje-gwaje, hijabin ya zame, wata malamarsu ta ga hular. Maimakon ta yi mata dariya sai ta roƙi yanki guda ta sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta kira Ihsan ta ce ta leƙa. Ta kuma gaya mata cewa masana a wasu ƙasashe sun daɗe suna nazarin irin wannan ɓawon, suna ƙera soso na roba da na ƙarfe a kan tsarinsa, don a sa a hular kwano da jikin mota.

Da yamma ta same mu a shago ni da ubanta, tana rawar jiki, ta nuna mana hoton a waya. Tabɗijam! Farin ɓawon da muke gani a cure, ashe ramuka ne birjik. Ta ce, "Baba, duba, ta wajen bayan ɓawon, ramukan ƙanana ne a matse, in ka shigo ciki sai su yi ta girma, ga kuma zaruruwa sun ratsa sun riƙe su. In bugu ya zo, ramukan ne suke rufewa bi da bi, kowanne ya ci nasa rabon, kafin ya iso ciki ƙarfinsa ya ƙare. Soson katifa kuwa ramukansa duk girmansu ɗaya, lokaci guda suke lotsewa." Ni na yi ta salati. Dogara ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Allah mai iko." Ya miƙa mata, ya tambaye ta ko ta sha maganin yamma.

Ita kuwa ta ɗauki abin da zafi, ta ce shi za ta yi a aikinta na kammala karatu: soson da zai yi aikin ɓawon garehul, wanda ba ya ruɓewa, ba ya wari. Yadda take yi shi ne ta kwaɓa ruwan roba da gishiri, ta zuba a faranti hawa-hawa, gishiri mai laushi a ƙasa, mai tsakuwa-tsakuwa a sama, ta shimfiɗa zare a tsakani. In robar ta daskare sai ta jiƙa a ruwa, gishirin ya narke ya fita, ya bar ramuka daidai girmansa. Rariyar tankaɗen uwarta ta ɗauke don tace gishirin. Ramlatu ta yi ta mita a unguwa, wai gishiri ya fi shinkafa saurin ƙarewa a gidanta. Soson farko ya fito kamar tayar mota. Wani ya fito yana marmashewa a hannu. An ɓata ƙwai ba adadi daga saman benen nan, har mai gyaran rediyo ya daina fitowa kallo.

Ranar da ƙwai ya sauko lafiya a cikin sosonta, ta yi tsalle ta rungume ni a gaban jama'a. Na ɗinka sabuwar hula da soson a ciki, shafal, ba nauyi. Uban ya karɓa ya juya ta, ya shinshina, ya cire hularsa ya ɗora ta a kansa. Kafin mu ankara ya ja baya ya kai wa bangon shagona karo da ƙeya, gam! Hoton da na rataye ya faɗo. Na daka masa tsawa, "Kai, Malam Dogara! Bangon haya ne fa!" Ya tsaya shiru yana sauraron kansa, sannan ya cire ya miƙa wa Ihsan ya ce, "Sa." Washegari da sassafe ya zo ya zauna a bencina ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, don yau babu ɓawon yankawa, sai ya ɗauki almakashina yana buɗewa yana rufewa har na ƙwace.

Bayan ta gama karatu manemi ya fito, Sharfuddeen, ɗan gidan dillalan shanu a Rumuokoro. Yaro mai hankali, ba ni da abin cewa a kansa. Ihsan ta gaya masa ciwonta tun kafin magana ta yi nisa, Dogara ma ya kira shi ya sake gaya masa, ya ce ya ji ya gani yana so. Sai dai ji ya yi, bai taɓa ganin ta faɗi ba, don a lokacin magani ya karɓe ta, takan daɗe ba ta yi ba. Danginsa kuwa ba a gaya musu ba. Wannan aikin Hajiya Maijidda ne, yayar Ramlatu, wadda ta zo daga Anacha ta karɓe ragamar bikin. Mace ce mai baki da son a ce ta iya. Ta ce in dangin miji suka ji kalmar farfaɗiya za su janye, a bari sai an tare, a sannu za su sani.

Aka ɗaura aure da safe. Da la'asar mata suka yi yininsu a wani ɗakin taro da aka kama. Kun san al'ada, uban amarya ba ya leƙa taron mata, ballantana 'yar fari. Ana gama ɗaurin aure Dogara ya sulale ya ɓuya a shagona, yana zaune a lungu bayan labule kamar wanda ya yi laifi. Rannan ne kaɗai tun tana firamare bai ga kanta da safe ba, don mata sun kewaye ta tun daren lalle.

Muna zaune sai matata Suwaiba ta turo mini hoton amarya daga wurin taron. Ta yi kyau, tubarkalla, an naɗa mata gwaggwaro ya tashi sama. Na miƙa masa wayar ina tsokanarsa, na ce, "Kunya dai kunya, amma kalli 'yarka." Ya kalla. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya sa yatsa ya ja hoton ya ƙara girma, ya kai wajen kunnenta.

"Babu," ya ce.

"Babu me?"

"Hular. Ga gashinta nan a waje. Sun cire."

Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ya tare keke napep a tsakiyar titi, na faɗa a bayansa da tef ɗin awo a wuyana. Daga baya muka ji yadda aka yi. Mai ɗaurin kai ta ce gwaggwaron ba zai zauna a kan hular ba. Ihsan ta ƙi, Hajiya Maijidda ta ce, "Ke, yini ɗaya ne, so kike dangin miji su tambayi mece ce wannan?" ta fizge ta jefa a jaka. Ga amarya ba ta yi barcin kirki ba saboda baƙi, ga maganin an baro shi a gida cikin hayaniya, ba wanda ya tuna.

Muka shiga ɗakin, kiɗa kamar zai fasa kunne, fitilu masu launi suna walƙiya, masu hoto suna ta haska mata fuska. Ƙasa duk tayil ne mai santsi. Amarya da ango suna hawa matakalar dandamalin da aka ajiye musu kujeru. Mata suka ga namiji tsoho ya kutso da silifas ɗaya, suka fara, "La, uban amarya! Ina kunya?" Bai ko kalle su ba. Ni ban ga komai ba, amma shi ya gani: Ihsan ta tsaya cak, idonta ya kafe wuri guda, hannunta na hagu yana jan zanenta. Sai ya zura da gudu. Ban taɓa sanin tsohon nan yana da gudu haka ba.

Ta sandare ta yi baya. Ƙawayen da ke riƙe da jelar rigarta suka saki suka tarwatse da ihu. Sharfuddeen yana dab da ita, kafaɗa da kafaɗa, in ya miƙa hannu ya tare ta. Na gani da idona, ya ja da baya. Ba da mugunta ba, firgita ce, amma ya ja. Dogara ya yi sufa ta ƙasa ya miƙa hannun dama, ƙeyarta ta sauko da duk nauyinta a kan tafinsa, bayan hannun kuma a kan kaifin matakala.

Ƙas! Duk da kiɗan nan sai da aka ji. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ramlatu ta ƙwalla ƙara ta zube, ta ɗauka kan 'yarta ne ya fashe. Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Aka kashe kiɗa. Ɗaki cike da mutane, kowa ya manne da bango, sai tsoho shi kaɗai a ƙasa, ya juya 'yarsa ta gefe da hannun hagu, yana share mata baki da hannun rigarsa, na daman yana nan a ƙarƙashin kanta bai zare ba har ta lafa. Da ya zaro shi na kau da kai. Yatsun sun kalli inda bai kamata su kalla ba.

Kan Ihsan lafiya lau, aka duba a asibiti aka tabbatar. Hannun Dogara kuwa ƙasusuwan bayansa sun karairaye, likita ya ce zai warke amma riƙe wuƙa sai dai wani ikon Allah. Hajiya Maijidda ta zo tana kuka tana cewa ita alheri ta nufa. Na gaya mata maganganun da har yau ba ta gaishe ni, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Dangin ango wasu suka kama hanyar Fatakwal a ranar. Uwarsa dai ta tsaya, ta ce abin da ya ɓata mata rai shi ne ɓoyewar, ba ciwon ba.

Sai kuma Dogara ya ce ba za a kai amarya ba.

Aka yi juyin duniya. Liman ya zo, sarkin Hausawa ya aiko, aka ce aure ya ɗauru, mace ta mijinta ce. Ihsan da kanta ta durƙusa ta ce, "Baba, na yi maka alkawari ba zan sake yarda a cire ba." Ya ce, "An cire sau ɗaya, za a sake. In za ki yi wanka fa? In za a yi miki kitso fa? Na ga ƙafar yaron nan, baya ta yi." Sharfuddeen ya ƙi komawa gida, ya kama ɗaki a Asata, kullum sai ya zo ya tsuguna ya gaishe shi ya ba da haƙuri, har da hawaye. Dogara ya amsa gaisuwa kawai, bai sauya ra'ayi ba. Yaron ya rame, yarinyar ta rame, ni kaina abin ya ishe ni. Na ce masa, "Malam Dogara, kai ba dawwama za ka yi ba. So kake ta tsufa a ɗakin uwarta?" Ya ce, "Ina tunani."

Wata safiya yana zaune a bencina da hannu a naɗe an rataye masa a wuya, Sharfuddeen ya zo gaisuwa kamar kullum. Da ya tashi tafiya sai Dogara ya miƙe ya ce bari ya taka masa. Na yi mamaki, yaushe suruki yake raka suruki? Suka fita kan dakalin siminti na gaban shagon, yana tambayarsa kuɗin shanu ya sauka ko bai sauka ba. Ina kallonsu ta taga ina taka keke.

Kawai sai na ga Dogara ya tsaya, ya ƙame, idonsa ya juye, yawu ya fara zubo masa. Ya tafi da baya gaba ɗayansa kamar an sare itace, ƙeya tsirara, ko hula babu a kansa, saitin bakin dakalin. Na ƙwalla salati, allura ta shige mini yatsa ban ji ba.

Sharfuddeen ya yi kukan kura ya faɗa ƙarƙashinsa. Gwiwoyinsa suka daki siminti har wandonsa ya yage, ya rungumo kan tsohon a ƙirjinsa, suka zube tare. Ya juya shi ta gefe yana share masa yawun da tafin hannunsa, yana ihu, "Baba! Baba! Kawu, kawo ruwa! Ku taimaka!" Mutane suka taru daga nesa kamar yadda suka saba. Na fito da buta a guje.

Sai Dogara ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi hannun yaron jiƙe da yawu, ya dubi gwiwarsa tana jini. Ya ce a hankali, "Je ka ɗauki matarka."

Sharfuddeen ya saki baki, ya kasa ko motsi. Ni kuwa da na gane abin da tsohon nan ya aikata, sai raina ya ɓaci. Na jefar da butar na ce, "Amma kai ba ka da hankali! Da gangan? A kan siminti, da furfurarka? Da bai tare ka ba fa?"

Ya miƙo mini hannun hagu in tashe shi, yana nishi don karyayyen ya bugu.

"Da kaina ne ya fashe, Tela," ya ce, "ba nata ba."